Na Biya Kuɗi Na Shiga Cikin Mutum 5,000, Sai Aka Koya Mini Yadda Zan Guje Musu

A safiya ta uku bayan tashinmu daga tashar jiragen ruwa ta Southampton da ke kudancin Ingila, ƙasar da muke zaune, ina riƙe da faranti biyu ina zagaya ɗakin cin abinci da ke can saman jirgi ina neman inda ni da iyalina za mu zauna, sai na hango tebur mai kujeru takwas wanda wani dattijo Bature da matarsa ne kawai a kansa. Na gaishe su, na nemi izini, suka ce mu zauna babu komai. Ba su yi mana kallon banza ba, ba su janye jakunkunansu ba, kuma na faɗi wannan tun da wuri ne domin kada wani ya zaci labarin wariyar launin fata zan ba da. Dattijon mutum ne mai fara'a wanda ya yi ritaya, kuma da ya ji cewa wannan ne karonmu na farko a jirgin ruwa na shaƙatawa sai ya ajiye cokalinsa ya gyara zama, ya ce shi wannan ne karonsa na 11, saboda haka zai ba ni sirrin abin a kyauta.

Sirrin, a faɗarsa, shi ne mutum ya tsara yininsa yadda ba zai haɗu da kowa ba. Ya ce ranar ma makara suka yi, domin a ka'ida ƙarfe shida da rabi suke karya kumallo, kafin masu yara su tashi. Da rana kada in kusanci wurin da kowa yake ɗiban abinci da kansa, in sauka ƙasa inda ake zaunar da mutum a kawo masa, tunda yawancin fasinjoji ba su ma san yana buɗewa da rana ba. In bi matakala maimakon lif, in kuwa dole ne sai lif to in tafi na can bayan jirgi. Ranar da jirgi ya tsaya a wani gari kada in bi sahun farko na masu sauka, in jira awa ɗaya ko biyu har layi ya watse, ko kuma, kuma wannan shi ne abin da ya fi so, in ƙi sauka gaba ɗaya, domin a ranar ce wurin ninkaya da kujerun shan iska suke zama na mutum shi kaɗai. Ranar da ake yini a tsakiyar teku kuwa kada in leƙa saman jirgi ko da wasa. Ya ce kafin ya sayi tikiti yakan shiga intanet ya duba jirage nawa ne za su haɗu a kowace tasha a rana ɗaya, yakan zaɓi ɗaki mai baranda wanda yake nesa da lif, kuma ba ya tafiya sai a watan Mayu ko Satumba lokacin da yara suke makaranta, wannan karon ne kawai aka samu akasi saboda wani uzuri na matarsa.

Na saurare shi da kyau, domin duk abin da ya faɗa gaskiya ne kuma daga baya na gwada na ga yana aiki. Da ya kai aya sai na yi masa tambayar da na san kowane Bahaushe zai yi. Na ce to a wannan tafiye-tafiye har 11, lallai ya tara abokai a ƙasashe da dama, su wa da wa suke zumunci har yanzu? Ya yi dariya ya dubi matarsa, ya ce babu ko mutum ɗaya, kuma abin da ya sa suke ta dawowa ke nan. Matar ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Abin da ya tsaya mini a rai ba amsarsa ba ce kawai. Na waiga na ga 'yata Ummi, mai shekara 14, wadda sunan mahaifiyata ne da ita, ita ma tana gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa magana mai hikima.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan jirgi ba zai yi wuya ya gane girman abin da nake magana a kai. Ba jirgi ba ne da ake hawa domin a je wani wuri, domin inda aka taso nan ake dawowa bayan mako guda. Unguwa ce sukutum aka ɗora a kan ruwa, mai benaye fiye da goma sha biyar, da tituna a cikinta masu shaguna, da gidajen abinci fiye da yadda mutum zai iya zagayawa a mako, da ɗakin wasan kwaikwayo, da asibiti, da wurin caca wanda muka riƙa bi ta gabansa muna kawar da kai, da wuraren ninkaya a can sama inda iska take kaɗa mutum. Namu yana ɗauke da fasinjoji sama da 5,000, ban da ma'aikata. Kuma ba shi ne babba ba. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki daga birnin Miami na Amurka a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, benayensa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Wato kusan mutum dubu goma a cikin gini ɗaya wanda babu ƙofar fita daga cikinsa sai teku. Ɗakunan kwana kuwa a jere suke a dogon lungu mai shimfiɗar kafet wanda ba a hango ƙarshensa, kowace ƙofa da lambarta, kowa da katin roba wanda shi ne makullin ɗakinsa, shi ne kuɗinsa, shi ne kuma shaidar da ake dubawa idan zai sauka ko zai hau. Na yi kwana bakwai ina kwana bango ɗaya tsakanina da wasu mutane, ina jin tarinsu da dare, amma har muka rabu ban san ko su waye ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda gudun mutane ya zama haja mai farashi a cikin jirgin. Ɗakin da ya fi araha shi ne na ciki wanda ba shi da taga, wanda mai shi dole ya fito cikin jama'a idan yana son ya ga rana. Sama da shi akwai mai taga, sama da wannan akwai mai baranda, inda mutum zai zauna ya kalli duwatsu da teku ba tare da kafaɗarsa ta taɓa ta kowa ba. Sama da duka kuma, a jirage da yawa na yanzu, akwai wani sashe da aka katange wanda ba a shiga sai da kati na musamman, da nasa wurin cin abinci, da nasa wurin ninkaya, da masu hidima na kansa, kuma mazaunansa ba sa bin layi wajen hawa ko sauka. Kamfanin MSC yana kiran nasa Yacht Club, shi kuwa Norwegian Cruise Line ya raɗa wa nasa suna The Haven, wanda ma'anarsa mafaka. Na daɗe ina juya wannan suna a raina. Mafaka dai daga hadari ake nemanta, ko daga rana, ko daga maƙiyi. A nan kuwa abin da ake fakewa daga gare shi shi ne sauran mutanen da suka biya kuɗi suka hau jirgi ɗaya da kai. An tara mutum dubu biyar domin tikiti ya yi sauƙi, sa'an nan an juyo an sayar wa masu hali hanyar tsira daga dubu biyar ɗin.

Waɗanda ba su da halin sayen mafaka kuwa sai dabara. Tun da asuba, lokacin da na fito neman wani lungu mai tsabta da zan yi sallah ina lissafin alƙibla da wayata domin jirgin yana juyawa cikin dare, nakan ga mutane sanye da rigar barci suna sanɗa suna shimfiɗa tawul a kan kujerun bakin wurin ninkaya, wani ya ɗora littafi, wani takalmi, su koma su ci gaba da barci, alhali an rubuta a allo cewa an hana. Wannan kam ba zan yi musu dariya ba, domin na san masu aika yaro da darduma tun hantsi ranar Juma'a ya kama musu sahun gaba. Bambancin dai shi ne mai dardumar idan ya iso zai gaisa da na damansa da na hagunsa, mai tawul kuwa zuwa yake ya kwanta ya toshe kunnuwansa ya rufe ido.

Shawarar dattijon ta cewa a yi tafiya lokacin da yara suke makaranta ita ma tana da nata farashin, kuma ba irinmu aka yi wa ita ba. A Ingila idan mutum ya cire ɗansa daga makaranta na kwana biyar ba da izini ba domin ya je hutu, ana iya cin tarar kowane ɗaya daga cikin iyaye fam 80 a kan kowane yaro, kuma idan aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta koma fam 160. Saboda haka duk mai yara a watan Yuli da Agusta yake tafiya, lokacin da tikiti ya fi tsada kuma jirgi ya fi cika. Da na lura da wannan sai na gane cewa cunkoson da dattijon yake koya mini gudu, ni ne da matata da 'ya'yana uku. Ya zauna da mu cikin mutunci yana bayyana mini yadda zai kauce mana a tafiya ta gaba.

Sai kuma garuruwan da muka tsaya a ƙasar Norwe, inda a nan ne na fara ganin ɗaya fuskar al'amarin. Ƙasa ce da teku ya kutsa cikinta ta tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, ruwan kore shar kuma a kwance kamar an shimfiɗa shi, ƙoramu suna zubowa daga sama fari fat, gidajen katako ja da fari suna maƙale a gindin dutse. Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, kuma duk mai imani idan ya gani sai ya yi tasbihi. A birnin Stavanger jirgin ya tsaya daf da tsohuwar unguwarsu mai gidajen katako farare guda 173, kuma tsayin jirgin ya ninka na gidajen sau da yawa, har inuwarsa ta rufe su. Mutane ne suke zaune a gidajen nan, ba gidan tarihi ba ne, amma na ga fasinjoji suna ɗaukar hoto a bakin ƙofofinsu, wasu har suna leƙa taga. A Olden, ƙauyen da mutanensa wajen 500 ne kacal, muka sauka mu dubbai, motocin bas suka jeru suna kwasar mu zuwa Briksdal, wani reshe na tulin ƙanƙarar Jostedal wanda babu kamarsa girma a tsandaurin Turai, wasu kuma zuwa Loen inda wata motar igiya take ɗaga mutane zuwa kan dutse mai tsayin mita 1,011. Geiranger, wanda hukumar UNESCO ta sa mashigin tekunsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, mazaunansa ba su kai 300 ba. Mai karatu ya ƙiyasta ƙauyensu, a ce kullum da safe a damina sai an sauke masa baƙi ninki goma na mutanensa, ba su yi sallama da kowa ba, ba su nemi mai gari ba, sun yi hoto sun sayi ɗan tsaraba, kafin la'asar sun tafi, gobe kuma a kawo wasu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma a kan hangen aka gina wannan sana'a gaba ɗaya.

Ba mamaki masu garuruwan sun fara gajiya. Hukumomin Italiya sun hana manyan jiragen da suka haura tan 25,000 ratsawa ta tsakiyar birnin Venice tun daga watan Agustan 2021. A tsibirin Santorini na ƙasar Girka an ƙayyade cewa kada fasinjojin irin waɗannan jirage su wuce 8,000 a rana, kuma daga 2025 kowannensu yana biyan yuro 20 a lokacin da baƙi suka fi yawa. A Barcelona kuwa, a watan Yulin 2024, masu zanga-zanga sun bi 'yan yawon buɗe ido har kan teburin cin abincinsu suna fesa musu ruwa da bindigar wasan yara. To ga yadda abin ya kasance: fasinja yana gudun fasinja a cikin jirgi, mai gari yana gudun fasinja a tudu, kuma kowa yana ganin wani ne cunkoson, ba shi ba.

A nan ne nake ganin mun fi su, kuma zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Harshenmu ma ya raba abu biyu da su suka haɗa wuri ɗaya. Muna da cunkoso, da turereniya, da turmutsitsi, kuma babu mai son su. Amma muna da jama'a, wadda addu'a ake yi a same ta. Idan aka ce wane yana da jama'a an yabe shi yabon da ya fi a ce yana da kuɗi. Idan aka dawo daga jana'iza abu na farko da ake faɗa wa waɗanda ba su je ba shi ne mamacin ya samu jama'a, kuma da wannan ake sanyaya zuciyar iyalansa. Bikin da aka yi aka tashi da sauran abinci a tukunya abin a yi shiru ne a kansa. Babu wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe yana tambayar wace sa'a ce mutane suka fi ƙaranci. Abin da yake mai da cunkoso ya zama jama'a kuwa ba wani abu ba ne illa gaisuwa. Mutum hamsin a tsakar gida ɗaya da suka san asalin juna ba sa takura wa juna kamar yadda mutum shida suke takura wa juna a cikin lif ɗin jirgin nan, kowa ya kafa wa lambobin benaye ido yana addu'ar a buɗe ƙofa. Ba yawan mutane ne ya dami dattijon nan ba. Abin da ya dame shi shi ne yawan waɗanda bai sani ba, kuma maimakon ya rage su ta hanyar sanin wasu daga cikinsu, sai ya zaɓi ya tashi ƙarfe shida ya ci abinci kafin su farka. Taron tsintsiya ba shara ke nan, mutum dubu biyar a wuri ɗaya har mako guda ba a ƙulla zumunci ko na mutum biyu ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma matata ta riga kowa faɗa tun muna cikin jirgin. Ta ce, “Abban Ummi, kai dai faɗi gaskiya, a kwana bakwai ɗin nan ka ga an ture wani ko an taka yaro?” Ban gani ba. Kafin jirgi ya ɗaga sai da aka tabbatar kowane fasinja ya san wurin da zai je ya tsaya idan aka busa ƙahon haɗari, dokar da aka ƙara tsanantawa bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya a watan Janairun 2012 mutum 32 suka mutu. A ƙofar kowane ɗakin cin abinci akwai ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne ya sa mutane su wanke hannu, saboda cutar amai da gudawa tana bazuwa a irin wannan wuri kamar wutar daji, kuma ba a manta da jirgin Diamond Princess ba, wanda aka killace a Yokohama ta Japan a watan Fabrairun 2020 da mutum 3,711 a cikinsa, sama da 700 suka kamu da korona. An san adadin kowa, an san wanda ya sauka da wanda bai dawo ba. Mu kuwa namu taron yakan ci rai. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano da aƙalla mutum 29, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, kuma lodin da ya wuce kima ne sanadi. A turmutsitsin Mina na 2015 mun rasa alhazai masu yawa daga Najeriya da Nijar, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar nan. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ba zan ce ba mu da abin koyo wajen ƙirga mutane da bin layi da ƙin ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirgi ba. Amma wannan ilimin tsare rai ne, kuma ana iya koyonsa ba tare da an koyi ƙyamar mutane ba. Abin da aka ba ni a kan teburin nan ba darasin tsare rai ba ne, domin babu ran da yake cikin haɗari a wurin ɗiban ƙwai da burodi.

Mutum ɗaya na sani a jirgin sani na gaske, kuma ba fasinja ba ne. Matashin da yake gyara mana ɗaki ɗan Indunusiya ne, kuma ranar farko da ya ga sunayenmu a takardarsa sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mana cikakkiyar sallama. Daga ranar kullum sai mun tsaya mun gaisa, na san garinsu, na san yana da 'ya mace da aka haifa bayan ya taso, wadda a waya kawai ya taɓa ganinta, domin kwantiraginsu watanni ne masu yawa a jere ba tare da komawa gida ba. Shi ne ya riƙa gaya mini wane abinci ne babu alade ko giya a cikinsa, shi ne kuma ya nuna mini wani wuri a bayan jirgi inda babu mai wucewa idan ina son yin sallah a sarari. Ma'aikatan nan, waɗanda akasarinsu daga Filifin da Indiya da Indunusiya suke, a benayen ƙasa suke kwana, mutum biyu ko fiye a ɗakin da bai kai rabin namu ba kuma babu taga. Su ne suke cikin matsi na haƙiƙa, amma su ne kaɗai na ga suna tafiya bibbiyu suna hira da dariya, suna kiran juna da suna daga wannan ƙarshen lungu zuwa wancan. Ranar da za mu sauka muka yi musafaha, ya ce in gaida mutanen gida, alhali bai san ko ina ne Kano ba.

Da na faɗa wa Ummi wannan duka a barandar ɗakinmu, domin mu ma mai barandar muka kama, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗinta, sai ta saurare ni har na gama cikin ladabi, sa'an nan ta ce, “Abba, to ai kai ma da muka je Kano a otal muka sauka.”

Gaskiya ta faɗa, sai dai dalilina daban ne, ko kuma haka nake gaya wa kaina. Zuwanmu na ƙarshe ban sauka a gidanmu ba, na kama ɗakuna biyu a wani otal a unguwar Nasarawa, na ce saboda yara ba su saba da zafi da sauro ba kuma ga matsalar wuta. Gaishe-gaishen dangi kuwa da sassafe na riƙa yin su, bayan sallar asuba kaɗan, lokacin da na san zan samu mai gida shi kaɗai kafin zaure ya cika. Ranar Juma'a a wani masallaci na nesa na yi sallah, ba na unguwarmu ba. Akwai ɗaurin auren da na aika da gudunmawa mai kauri na ce ina da uzuri, alhali ina kwance a ɗaki na kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wanda bai zauna a waje ba zai ce girman kai ne, amma bai san yadda ake ji ba idan mutum ya yi shekara biyu yana aikin dare a asibiti yana tara kuɗin jirgin mutum biyar, ya iso da hutun mako uku, ya tarar kowace gaisuwa tana da wutsiya, wannan kuɗin makaranta, wancan kuɗin magani, wancan yana son a nema masa hanyar fita. Ba na zargin kowa, domin na san halin da ake ciki, kuma da ni ne a zaune a gida da ni ma na tambaya. Amma aljihu ɗaya ne, kuma cewa babu ga wanda ya goya ka yana da nauyin da ba kowace rana ake iya ɗauka ba. Saboda haka ni ba mutane nake gudu ba, kunyarsu nake gudu, kuma har yanzu ina ganin wannan ba ɗaya ba ne da abin da dattijon nan yake yi, ko da yake na yarda cewa wanda ya tsaya daga nesa yana kallonmu zai ga mu biyun duka da asuba muke fita kuma ta ƙofar baya muke bi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran. Ni ko na gudu na san abin da na guda, na san daɗin tabarma ɗaya da mutum goma a kanta da kwano ɗaya a tsakiya, kuma nakan yi mafarkinsa a lokacin sanyin ƙasar nan da rana take faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Su kuwa ba su san shi ba balle su yi kewarsa. A wurinsu gidan Hajiya wuri ne mai hayaniya inda mutanen da ba su sani ba suke taɓa musu kai suna tambayarsu ko sun gane su. Ƙaramin ma ya taɓa tambayata dalilin da ya sa ba a buga waya kafin a zo. Na ba shi amsa mai tsawo a kan zumunci, amma na lura ban gamsar da shi ba, kuma a gidanmu na nan Ingila ni ma na fi shekara biyar ban buɗe wa wanda bai buga waya ƙofa ba, domin babu mai zuwa.

Bana muna shirin zuwa gida a hutun Disamba. Makon jiya na kira Hajiya na gaya mata ranar da za mu sauka, na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa tukuna, a bar mu mu huta kwana biyu ko uku kafin a ji. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, “To Auta, na ji. A otal ɗin za ku sauka kuma?” Na ce mata ban yanke shawara ba. Ta ce ita dai ta sa an yi wa ɗakin baya fenti an sa sabuwar fanka, ko da za a buƙata. Muka yi sallama. Kafin in tashi daga aiki a daren nan saƙonni 14 ne suka shigo wayata ta WhatsApp, daga Yaya, da Gwaggo ta Fagge, da 'ya'yan Kawu, da wani abokina na firamare da ban san yadda aka yi ya samu lambata ba, kowa yana tambayar ƙarfe nawa jirgin zai sauka domin a zo tarye.